Me ya sa yaro mai wayo ke miƙa kaya don kawai an zo masa da riga da takarda?

Mai Shagon Taliya, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah masu ilimi a amsa mini da gaske, ban da ba'a.

Ina da shago kusa da babbar kasuwa, taliya da man girki da madara da tumatirin gwangwani nake saidawa, sari da ɗai-ɗai. Ɗan ƙanwata ke tsare mini in na fita. Yaron nan ba sakarai ba ne. Ya yi lakwal har kwaleji, lissafi a kansa yake, ko dala ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Masu cin bashi sun san shi, in ya ce babu to babu, ko abokin ubansa ne.

Satin da ya wuce na tafi Ɗan Isa karɓo kaya. Da hantsi wasu mutum biyu suka tsaya da mota a ƙofar shago. Ɗaya da riga mai aljihuna irin ta ma'aikata da kati rataye a wuya, ɗayan riƙe da ƙaton littafi. Suka ce masu binciken kaya ne, wai an samu labarin lalatacciyar madara ta shigo gari tana sa yara zawo, za su ɗauki katan shida su kai awo, gobe a zo da takarda a karɓa. Da Faransanci suka fara, sannan suka juya Hausa. Ba tsawa, ba makami. Babban ya ce, "Yaro, ɗauko ka sa a mota, muna da sauran shaguna." Shi da kansa ya yi dakon kayan. Suka rubuta takarda, suka buga hatimi, ya sa hannu. Har sannu da aiki ya yi musu.

Da na dawo na kai takardar inda ya kamata, aka ce ba a san da zancen ba, hatimin ma na bogi ne.

Asarar da sauƙi, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne salula na aljihunsa, lambata na ciki, kuɗin kira akwai. Na ce me ya hana ka kirana? Ya ce, "Kawu, wallahi na so in kira, sai na ga kamar raini ne in ciro waya a gabansu." Maƙwabcina mai shinkafa, dattijo da furfurarsa, yana zaune kan benci yana kallo, bai ce uffan ba. Ya ce shi ya ɗauka yaron ya san su.

To mene ne wannan? Tsoro ne, ko tarbiyyar da muke ba 'ya'yanmu ce, ko kuwa haka ɗan Adam yake ko'ina?

Ɗan Kabu-kabu, Bagalam:

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amsar ba ta da nisa, tsoro ne. Talaka ya san in ya yi gardama da mai riga, ko yana da gaskiya sai ya yini yana bayani. Mu da ke kan titi mun sani: in an ɗaga maka hannu tsayawa kake yi tukuna, daga baya ka duba wane ne. Yaro ya auna ne, katan shida na kawu ko a ce ya hana hukuma aiki. Ni ma da ni ne ɗauka zan yi. Kada ka matsa masa.

Mushen Falsafa, Sabon Gari:

Alhaji, sannu da wannan rashi. Ni malamin lise ne, wato babbar makarantar sakandare, kuma duk shekara sai mun taɓo tambayar nan taka da 'yan ajin ƙarshe. Ƙanena na Bagalam bai yi ƙarya ba, tsoro na ciki. Amma ka saurari yaron da kyau: bai ce za su kama ni ba, cewa ya yi raini ne.

A 1961 wani malamin jami'a a Amurka, Stanley Milgram, ya yi irin tambayarka. Bayahude ne, kuma a shekarar ake shari'ar Adolf Eichmann a birnin Ƙudus, jami'in Jamus ɗin nan da ya tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin da aka hallaka su. Abin da Eichmann ya riƙe ya kāre kansa da shi, umurni aka ba shi. Milgram ya so ya gani da idonsa ko mutumin kirki, mai mata da 'ya'ya, zai cuci wanda bai yi masa komai ba don kawai an ce ya yi.

Ya sa talla a jarida ana neman maza 'yan shekara 20 zuwa 50 su zo Jami'ar Yale a yi bincike kan koyo da hadda, za a biya su dalar Amurka 4 da rabi. Ma'aikatan gidan waya suka zo, da malaman makaranta, da leburori. In ka zo sai a yi ƙuri'ar ƙarya, kai ka zama mai koyarwa, wani magidanci mai fara'a ya zama ɗalibi. A gaban idonka za a ɗaure shi a kujera, a manna masa waya a hannu. Sannan a kai ka ɗakin da ke kusa, a zaunar da kai gaban na'ura mai maɓalli 30, daga bolt 15 har 450. Wutar gidajenmu 220 ce, sai ku auna. Kai ma a ɗana maka 45 ka ji ba wasa ba ne. Kana karanta masa kalmomi, duk kuskuren da ya yi ka danna masa wuta, ka hau mataki na gaba. Wutar ba ta kaiwa jikinsa, da shi aka shirya abin, amma kai ba ka sani ba. A 300 zai fara dukan bango, daga baya ka ji tsit. In ka waiwaya ka ce a je a duba shi, wani mai doguwar rigar aiki ruwan toka zai ce maka cikin natsuwa, ci gaba, binciken na bukatar ka ci gaba. Ba bindiga, ba barazana, kuɗin ma an gaya maka naka ne tun da ka zo.

Likitocin ƙwaƙwalwa da aka tambaya sun ce da ƙyar a samu mutum ɗaya cikin dubu da zai kai ƙarshe. Cikin mutum 40 na farko, 26 suka kai 450. Babu ko ɗaya da ya tsaya kafin 300. Kuma ba daɗi suke ji ba: zufa suke, jiki na ɓari, suna cizon leɓe, wasu na wata irin dariya da ba ta farin ciki ba. Bakinsu na cewa a bari, hannunsu na dannawa.

Bayanin da Milgram ya bayar shi ne, mutum in ya yarda cewa na gabansa hukuma ce ta halal, sai ya sauke alhakin daga kansa ya ɗora wa wancan. Ya daina tambayar ko abin daidai ne, ya koma tambayar ko ya yi aikin da kyau. Da yawansu sun juya sun ce, in wani abu ya same shi wa ke da alhaki? Mai riga ya ce ni, sai su ci gaba. Da aka bar mutane su zaɓi ƙarfin wutar da kansu, mutum ɗaya tak cikin 40 ya kai 450, ke nan ba mugunta ce ke cinsu ba. Da aka ba su ƙaramin aiki kawai, wani daban ke dannawa, 37 cikin 40 suka zauna har ƙarshe. Takardar da ɗanka ya sa wa hannu aikin da ta yi ke nan, ta gaya masa kayan sun fita daga wuyansa.

Sai matakan. Ba wanda aka ce wa danna 450 tashi ɗaya. Da 15 aka fara, wadda ba ta kai cizon cinnaka ba. In ka ƙi a 165, da wane baki za ka ce 150 daidai ce? Na tabbata mutanen nan ba da katan shida suka buɗe baki ba. Buɗe mu gani, karanto mana lambar, ajiye wannan gefe. Ka tambaye shi.

Amma wanda ya fi kama da maganar yaron shi ne wannan. Da mai rigar ya fita daga ɗakin ya koma ba da umurni ta tarho, masu kaiwa ƙarshe suka faɗo zuwa wajen ɗaya cikin biyar. Wasu ma ha'inci suka riƙa yi, suna danna ƙaramar wuta suna ce masa sun ƙara. Umurni bai canja ba, mutumin bai canja ba, idonsa kawai aka ɗauke. Ashe babban abin da ke ɗaure mutum shi ne nauyin kallon babba ya ce masa ban yarda da kai ba. Mu kunya muke ce mata, kuma tun yaro na tatata muke koya masa ita: sunkuyar da kai, kada ka haɗa ido da babba, bin na gaba bin Allah.

Kada dai a ce ciwonmu ne mu kaɗai. An maimaita gwajin a Amman ta ƙasar Jodan a 1978 da ɗaliban jami'a, aka samu kusan abin da aka samu a Yale. A Folan ma, a binciken da aka wallafa a 2017, inda aka tsaya a maɓalli na goma don kada a wahalar da mutane, 72 cikin 80 sun kai wurin. Riga da wuri kuma suna aiki ko'ina: da Milgram ya kwashe kayansa daga jami'a ya koma wani tsohon bene a garin Bridgeport, 19 cikin 40 suka rage. Da aka sa mutum mai kayan gida ya ba da umurnin, 4 cikin 20.

Ni in da wanda zan yi wa ƙorafi a labarinka, ba yaron ba ne. Milgram ya zaunar da mutum tare da wasu biyu da aka shirya da su, ɗaya ya ce ya bari a 150, ɗayan a 210. Mutum 4 kacal cikin 40 suka kai ƙarshe. Ba wa'azi suka yi masa ba, gani kawai ya yi ana iya ƙi kuma sama ba ta faɗo ba. Da dattijon nan na kan benci ya ɗaga murya ya ce, "Samari, daga ina?" da wuya madarar ta shiga mota. Shi yana kallon yaro, yaro na kallonsa, kowa ya ɗauki shirun ɗan'uwansa a matsayin lafiya lau.

Uwar Biyu Mai Jinya, Ali Ɗan Tsoho:

Mushe, ka tuna mini da makaranta. Mu ma an karantar da mu namu. A 1966 wani likita mai suna Charles Hofling ya gwada masu jinya a asibitocin Amurka. Da dare wani ya bugo waya ya ce shi likita ne, sunan da ba su sani ba, ya ce a ba maras lafiya miligiram 20 na wani magani, yana nan tafe zai sa hannu. A jikin kwalin an rubuta kada a wuce 10 a rana. Dokar asibitin ta hana karɓar umurni ta waya, maganin ma ba ya cikin jerin da aka amince da su. Cikin 22, 21 suka ɗauko za su bayar, sai da aka tare su. To a 1977 wasu suka sake gwadawa da maganin da kowa ya sani, Valium, kuma aka bar masu jinyar su yi shawara da abokan aikinsu. Cikin 18, 16 suka ƙi. Rashin sani da kaɗaici ne suka kayar da na farko. Yaronka, Alhaji, bai taɓa ganin yadda masu binciken gaskiya ke aiki ba, da me zai gwada?

Abin da zan ƙara daga wurin aiki: ba a cewa ƙarami ya yi jarumta a sallame shi haka nan, kalmomin ake sa masa a baki. Wata tsohuwar majo, wato shugabar masu jinya, da na fara aiki a ƙarƙashinta ba ta taɓa ce wa likita ka yi kuskure ba. Littafi take buɗewa ta ɗauki alƙalami ta ce, "Likita, maimaita mini in rubuta, nawa ka ce?" Ta karanta masa da ƙarfi. Sau da yawa kafin ta rufe baki ya gyara da kansa, ba wanda ya ji kunya. Yanzu haka nake koya wa ƙananan da ake turo mana.

Ka ba shi tasa jimlar: "Ranku ya daɗe, ku zauna ga ruwa, kawuna ya hana ni fitar da ko gwangwani ɗaya sai na kira shi." Ka ga bai ƙi bin babba ba, wani babban ya sa a gaba. Ma'aikacin gaskiya zai jira. Ɓarawo agogo zai duba.

Mai Shagon Taliya, unguwar Zariya:

Mushe, na tambaye shi. Katan ɗaya suka fara cewa ya sauko da shi su karanta kwanan wata. Hajiya, na gode, na rubuta maganarki a kwali na manna a bayan ƙofa.

Ɗalibar Jami'a, Burja:

Mushe, da girmanka, ina da ja kaɗan. Wata mai bincike 'yar Ostareliya, Gina Perry, ta je Yale ta saurari kaset-kaset ɗin gwajin, ta fitar da abin da ta samu a 2012. Mai rigar ya sha wuce kalmomin da aka rubuta masa yana ta matsa wa mutane, kuma akwai da dama da suka yi shakkar wutar gaske ce. Don haka 26 ɗin nan a riƙe ta da hannu biyu.

Na biyu ya fi muhimmanci a wurina. Jimloli huɗu mai rigar yake da su, ta huɗu ce kaɗai umurni tsantsa: ba ka da zaɓi, dole ka ci gaba. Da wani mai bincike, Jerry Burger, ya maimaita gwajin, wanda aka wallafa a 2009, duk wanda aka kai ga gaya wa wannan jimla tirjewa ya yi. Wadda ke aiki ita ce mai cewa binciken na bukatarka. Shi ya sa wasu masu bincike biyu, Alex Haslam da Stephen Reicher, suke ganin mutanen ba ido rufe suka bi ba, sun yarda ne cewa suna taimakon wani abin alheri, wato ilimi. Ku koma kan labarin Baba Alhaji. Ɓarayin ba su ce ba mu madara ba. Cewa suka yi tana sa yara zawo. Yaron da ke hana abokin ubansa bashi zai iya ɗaukar katan da gudu in ya ji jarirai ake ceta. Ni a ganina kirkinsa suka kama, ba tsoronsa ba.

Mushen Falsafa, Sabon Gari:

Ɗiyata, na karɓi ta biyun, kin ƙara mini. Ta farkon kuwa, ko an rage adadin, bambancin da ke tsakanin mai riga a ɗaki da mai riga a tarho yana nan, kuma shi na dogara da shi.

Almajirin Zaure, Limanci:

A gyara wani abu ɗaya. Bin na gaba bin Allah karin magana ce, ba a baro ta haka sakaka ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura wata runduna ya naɗa mata shugaba, ya ce a yi masa biyayya. Shugaban ya fusata a hanya, ya sa aka hura wuta, ya ce su shiga. Wasu har sun yunƙura, wasu suka ce ai wuta muka gudo muka bi Annabi. Da labari ya iso wa Annabi, ya ce da sun shiga da ba su fita ba, biyayya a cikin abin da yake daidai ne kawai. Ku duba, nan ma wasu ne suka fara buɗe baki sannan sauran suka tsaya. Mu dai rabin farko muke karantar da yara, don shi ya fi yi mana daɗi a gida.

Jikan Maijirgi, Tasawa:

Kun tafi Amurka da Folan, alhali ga shi a ƙofar gidanmu. A 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine ya ratso ƙasar nan zuwa tafkin Cadi. Suka ƙone garuruwa, suka yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, suka yi kisan da har yau ake faɗi a Birnin Ƙonni. Hannun da ya riƙe bindiga ya cinna wutar yawancinsa na baƙar fata ne, sojojin da aka ɗebo daga yamma. Wata da watanni suna bi.

Labari ya kai Faris, aka turo kanar Klobb ya karɓi ragamar ayarin. Ya cim musu a Dankori, nan kusa da mu, ranar 14 ga Yuli. Voulet ya ce a buɗe masa wuta, aka buɗe, ya faɗi. Kanar guda, da tutarsa, wanda ya fi mai ba da umurnin girma. Na kusa suka bi, wanda suka saba jin muryarsa. Daga nan Voulet ya ce shi ya bar Faransa, daular kansa zai kafa. Kwana biyu tsakani sojojin suka juya, suka harbe Chanoine ranar 16, Voulet kuma washegari. Kaburburansu na Maijirgi.

Kada wani ya ce tausayin talakawa ne ya farkar da su. Garuruwan da aka ƙone ba su sa sun juya ba. Sai da mutumin ya tuɓe wa kansa rigar hukuma, suka ga ba albashi ba komawa gida, sannan bindiga ta waiwaya. Kuma kafin watan ya ƙare sun jeru bayan sauran hafsoshin sun shiga Damagaram.

Ɗan Kabu-kabu, Bagalam:

To Baba, ai ka dawo kan maganata. Su waɗannan da bindiga a kansu, wa zai ce a'a?

Jikan Maijirgi, Tasawa:

Voulet yana harbe wanda ya saɓa masa, wannan gaskiya ne, ɗana. Amma Turawan da ke ayarin ba su kai goma ba, masu bindiga baƙar fata kuwa ɗaruruwa ne, kuma ko a Ƙonni harsashin a hannunsu yake.